Ƙunshin da Ke Gindin Ginshiƙi

Ranar wata Laraba ce, a daminar da na shiga aji huɗu, na dawo daga makaranta na tarar da Baba tsugune a zaurenmu a Daura, yana kallon gindin ginshiƙin da ya ɗauke azarar rufin. Ginshiƙin ƙasa ne, mai kaurin da mu yara biyu ba ma iya zagaye shi da hannu. A ranar ya tsage daga sama. A gindinsa kuma ga wuri an tona an mayar da ƙasa, bakin wani jan ƙyalle ya leƙo.

Ni na binne shi. Duwatsun carafkena ne a ciki, da guntun madubi, da 'yar kwalbar turaren Inna da ta ƙare. Ƙannena sun dame ni da ɗauke-ɗauke, shi ya sa na nema musu maɓoya. Amma da na ga fuskar Baba, sai bakina ya mutu.

"Kada wanda ya taɓa," in ji shi. "Wannan aikin mutum ne."

Kafin la'asar zargi ya sauka a kan maƙwabcinmu, Baba Ɗanlami mai gyaran rediyo. Kullum da hantsi a zauren nan yake zama, ya jingina da ginshiƙin, suna hira da Baba. Sai aka tuna sun yi 'yar sa-in-sa a kan indararonsa da ke zubo ruwa jikin katangarmu. Aka tuna ya taɓa cewa zauren ya tsufa. Kowace maganarsa aka ɗauko aka juya ta. Tuwon da matarsa ta aiko aka zuba wa kaji. Aka hana ni zuwa ɗebo wuta gidansu. Kakarmu Iya ce kaɗai ta ce wa Baba, "Mutumin da ya ɗauki makarar mahaifinka kake zargi?"

Kwana shida ina shara ina wanke-wanke da abin a ƙirjina. Ina gani Baba Ɗanlami ya yi sallama, aka amsa masa a daƙile, ya tsaya jim, ya juya.

A rana ta bakwai Baba ya kira Malam Ilu magini. Ya ƙwanƙwasa ginshiƙin, ya ɓare gefe, gara ta zubo. "Yoyo ne da gara, Alhaji," ya ce. Sannan ya yi bismilla ya zaro ƙunshin, ya kwance a gaban kowa. Duwatsu suka gangaro. Iya ta dubi kwalbar, ta dube ni. Na fashe da kuka.

Baba bai dake ni ba. Hularsa ya sa, ya nufi gidan maƙwabcin. Na ji Baba Ɗanlami yana cewa, "Ba komai, Alhaji, ya wuce." Suka ci gaba da gaisawa har mutuwa ta raba su, amma bai sake zama a zaurenmu ba.

Yanzu an rushe zauren, an yi shago na bulo da ƙofar ƙarfe, babu mai zama hira a wurin. Ni ma na haifi nawa 'ya'yan, kuma idan na ga ɗaya ya yi tsuru-tsuru, nakan ja shi gefe in tambaye shi a hankali. Da a ranar farko na buɗe baki, da kalma uku sun isa: ni na binne.