Dokin Ƙofar 'Yar Baba Kwalbati

Baba Kwalbati ake kiransa a sabuwar unguwar, domin shi ya gina magudanar ruwanta daga bakin titi har gangare, shekara shida da suka wuce. Magini ne, ya haura sittin, gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa. Ya ce mini a lokacin zurfin magudanar ya kai ƙugunsa, kuma an bar fili a ƙarshen layi inda ruwa zai kwanta, ƙasa ta shanye.

Filin aka fara yankawa, aka yi shaguna. Sannan masu gidaje suka sayi motoci, kowa na neman hanyar shiga gareji. Shi suke kira. Yakan ce a ɗora murfin kankare, ruwa ya bi ta ƙasa. Su ce murfi na fashewa, a cike wurin kawai. Ya ƙi aikin farko, aka ɗauko wani ya cike. Daga nan bai ƙara ƙi ba. Sai dai yakan binne bututu a ciki ba da saninsu ba. Kafin damina ta raba, leda ta toshe shi.

Yanzu kan titi ruwan yake bi, ya tarar da gida na ƙarshe a gangaren. Gidan 'yarsa ne. Shi ya zaɓa mata, don ya yarda da aikin hannunsa.

Kowace shekara yakan ƙara wa dokin ƙofarta layin bulo ɗaya. Ranar da na je, na huɗu yake ɗorawa. Surukinsa na tsokanarsa, wai a haɗa musu da tsani. 'Yar ba ta yi dariya ba. Bara ruwa ya ci katifu biyu da keken ɗinkinta, bangon ɗaki kuma ya tsage.

"Baba, har yaushe za a yi ta ƙarawa?" in ji ta.

Ya ɗauko ma'auni ya gwada abin da ya rage tsakanin sabon bulon da saman ƙofar.

"Biyu zai ƙara ɗauka," ya ce. "Daga nan sai da rarrafe."

Ya wanke cokalin gininsa. Washegari yana da aiki a saman layi, wani ya sayi mota.