Azahar ɗin Kawu Yaji a Ƙasan Rijiya

Kawuna Yaji, ƙanen mahaifiyata, mai haƙa rijiya ne a unguwar Yindiski. Ya fi shekara talatin yana shiga ƙasa, sha tara daga ciki ni Mahdi nake riƙe masa igiya. Gajere ne, ba shi da yawan magana, Hausar tasa ma har ya bar duniya da ƙamshin Ngizimanci a cikinta.

Hali ɗaya nasa ya fi ba ni haushi. Ba ya ɗaura agogo, amma da hasken rana ya goce daga bangon rijiya zai girgiza igiya sau uku, a fito da shi. Ko da ruwa ya fara tsattsafowa ne, wallahi sai ya fito. Ya karkaɗe jikinsa, ya yi alwala, ya yi salla a farkon lokacinta, sannan a yi maganar aiki. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Mahdi, ramin nan ba ya gudu."

A shekarar da abin ya faru, masu injin bohol sun kusa ƙwace mana sana'a. Sai wata Hajiya Raudatu ta ba mu aiki a gidanta na unguwar Yerimaram. Mun kai zurfin gaba goma sha huɗu, ƙasa ta fara danshi, sai ga hadarin farkon damina ya haɗo daga gabas. Ba mu ɗaure bango ba tukuna, in ruwa ya sauka aikin wata guda zai rufta.

Ana kiran azahar igiya ta girgiza sau uku. Na leƙa na ce, "Haba Kawu! Yau ɗaya dai. Hadari ne a kanmu, ka ƙarasa haƙa ɗan wannan zurfin, ai lokaci bai fita ba."

Can ya ce, "To."

Tunda nake da shi ban taɓa jin ya ce to a kan wannan magana ba. Har daɗi na ji, Allah Ya yafe mini.

Na ci gaba da jan guga cike da laka, lokaci na ta tafiya ban ankara ba. Masallatan unguwa suka idar, gari ya yi tsit, iska ta ɗauke, ko kaza ba ta motsi a tsakar gidan. Hadarin ya tsaya cak, bai zubo ba, bai kuma wuce ba. Sai na lura na daina jin ƙarar diga.

"Kawu?"

Muryarsa ta taso a hankali. "Mahdi, wa ke kiran salla?"

Na ce babu kowa, an idar tun ɗazu.

Ya ce, "A'a. Ba daga sama ba ne. A nan ƙarƙashin ƙafata nake ji."

Na kwanta a bakin ramin na kasa kunne. Ba zan yi rantsuwa a kan abin da na ji ba, amma akwai wani sauti siriri mai ja, can ƙasa da inda yake tsaye, kuma ba numfashinsa ba ne.

Ya ce, "Mai kiran ya kai hayya alas-sala. Fitar da ni, ban yi azahar ba."

Na kama igiya. Mutumin da nake ɗagawa kamar buhun dusa, ranar ya yi mini nauyin da na kasa ko motsa shi. Na ƙwalla ihu, maƙwabta uku suka shigo a guje, muka taru muna ja, igiya na tahowa taku ɗaya ɗaya. Muna cikin haka lasifikar masallacin layin ta buɗe da kiran la'asar. Har aka gama kiran bai iso ba.

Da muka fito da shi ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, leɓensa ya yi fari. Aka kawo keke mai ƙafa uku za a kai shi asibiti, ya ƙi shiga. Ya dafa ƙasa ya yi taimama, ya yi raka'a huɗu a kishingiɗe, muna tsaye a kansa. Da ya sallame ya riƙo hannuna.

"An kira la'asar?"

Na dubi maƙwabtan nan, duk suka sunkuyar da kai. Na ce, "Ba a kira ba, Kawu."

Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdu lillahi, na samu."

A asibiti suka ce rashin iska ne a cikin ramin ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, shi ya sa yake jin abin da babu. To, su suka sani, ni dai a sama nake, iska ta ishe ni. Kwana biyu ya yi bai ƙara magana ba, ya cika.

Bayan sadakar uku na sami limaminmu na faɗa masa komai. Ya ce in kwantar da hankalina, sallar Kawu ta yi, azahar tana da sauran lokaci na lalura. Na yarda da shi. Amma ba wannan Kawu ya tambaye ni ba. Sau ɗaya a rayuwarsa ya jinkirta salla, ni na sa shi, kuma magana ta ƙarshe da ya ji daga bakina ƙarya ce.