Rage Hanya

Tun ina yarinya hancina yake ba ni wahala. Warin da wani zai wuce bai ma san da shi ba, ni sai ya tsaya mini a maƙogwaro har la'asar. To, mai irin wannan hancin ce Allah ya ɗora wa shiga bas daga Sabon Gari zuwa Samaru kullum safiya, shekara da shekaru.

A Muchia muke zaune, ni da mahaifiyata, a gidan da babana ya rasu ya bar mana. Aikina buga takardu ne a ofishin wani sashe na jami'a. Lokacin wayar salula ba ta daɗe da shigowa ba, ba kowa ke da ita ba. Sai in tashi in yi wanka, in sa kayan da na goge, in fesa turare, in fita tsaf. Daga na sa ƙafa a bas a tashar PZ, shi ke nan, wankan ya tashi a banza. Kujerar mutum uku sai an cusa huɗu, kwandasta yana buga jikin mota yana cewa a gyara, a matsa, kamar akwai wani fili da muka ɓoye masa. Sannan a ɗora wani a kan injin yana fuskantarki, gwiwarsa a cikin taki, numfashinsa a fuskarki. Ga hammatar wanda bai ga ruwa ba tun shekaranjiya. Ga kaji an ɗaure a ƙarƙashin kujera suna tsattsagar idon sawu. Ga mai goro da zai miƙo wuya ta gabanki ya tofar ta taga, iska ta dawo miki da rabonki. Akwai wani mutum da ba na mantawa, tun daga PZ yake haƙar hanci har muka wuce Kwangila, ya gama, ya miƙo mini canjina da wannan hannun. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Abin da ya kai ni bango shi ne ranar da wata mai kifi banda ta ɗora mini kwandonta a cinya, wai in taimaka mata kafin ta gyara goyo. Ba ta gama gyara goyon ba sai a Palladan, dab da Samaru. Ina shiga ofis shugaban sashenmu ya tsaya, ya ɗaga hanci sama, ya ce, "Wa ya shigo mana da kifi nan?" Ɗaliban da ke jira a bakin ƙofa suka ƙunshe dariya. Na ci gaba da buga takarda, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. A kan kujerar nan na yi rantsuwa sai na sayi mota, in riƙa isowa aiki ba warin kowa a jikina sai nawa.

Na yi adashi, na karɓi rance a ƙungiyar ma'aikata, na daina ɗinkin Kirsimeti. Daga ƙarshe aka kawo mini wata ƙaramar mota ja daga Kwatano, tsohuwa ce amma fes. Na koyi tuƙi a filin makarantar firamare ranakun Asabar. Ranar da ta fara kwana a ƙofar gidanmu fasto ya zo ya yi addu'a, matan zumunta na cocinmu suka yi guɗa, Mama ta taka rawa da ciwon gwiwarta. Wata daga cikinsu ta shafa bayan motar ta ce, "Kai, mun gode Allah, motanmu ya iso!" Na yi dariya. Da na san abin da take nufi da ban yi ba.

Makon farko na sha daɗi, ba zan ɓoye ba. In rufe ƙofa, in kunna rediyo, in ajiye jakata a kujerar gefe ita ma ta huta. In na wuce bas cike da mutane kamar buhun albasa sai in ji tausayinsu, in kuma ji daɗin raina. Ina isa ofis kayana ko lanƙwasa babu.

Sai aka fara zuwa neman rage hanya. Na farko wani dattijon cocinmu ne, abokin marigayi babana, kowa Baba yake ce masa. Yana da ɗa a Palladan. Wa zai ce wa Baba a'a? Bayansa sai malamin sakandare na gidan da ke kallon namu, sai ɗalibai 'yan mata biyu, sai maƙwabciyarmu Inyamura mai sayar da manja a kasuwa, wadda 'yarta ke dafa wa ɗalibai abinci a Samaru. Kafin wata ya ƙare, duk safiya in na leƙo sai in tarar da mutane a tsaitsaye a ƙofar gida, kowa da ƙunshinsa. Ba kuma ni suke tambaya ba. Mama suke gaisarwa.

Mama kuwa abin nema ya samu. Tun rasuwar babana ƙafa ta ɗauke daga gidanmu, sai ga shi yanzu tana fito da kujerarta 'yar tsugunne tun da sassafe, ta zauna a bakin ƙofa, ana zuwa ana durƙusa mata. "Mama, ina kwana? Yaya ƙafan?" Ita ke raba kujeru. Wane ya shiga gaba, wance ta ɗauki wance a cinya. Fuskarta ta ciko, ta koma sa ɗankwalinta ruwan ɗorawa da ta daɗe da jefawa ƙasan akwati. Ni mai motar sai dai in fito in tarar an gama rabo, in shiga in ja.

Gudun gara na yi na faɗa gidan zago. A bas dai in mutum ya dame ki kya iya harararsa, gobe ba za ki sake ganinsa ba. Waɗannan kuwa dole in yi musu murmushi. Baba yana cin goro yana tari, gilashin baya kuma rabi yake sauka, saboda haka rabin abin da ya tofar a jikin gilashin yake tsayawa, ni ce mai wankewa da yamma. 'Yan matan suna cin gyaɗa suna tura ɓawon ƙarƙashin kujera. Wata ta shigo da jariri ba nafkin. Malamin nan kuwa takalmi yake cirewa ya huta, safarsa kaɗai ta isa ta kori sauro daga ɗaki. Kowa kuma yana da wurin da za a ɗan ratse a ajiye shi, har na koma makara fiye da lokacin da nake bin bas.

Wahalar motar kuwa tawa ce ni kaɗai. In an shiga ƙarancin mai, ni ke yini a layi cikin rana, ko in sayi na 'yan bumburutu in yi ta fargabar an gauraya shi da kananzir. Ni ke zaman garejin makaniki ina shaƙar baƙin mai. Ranar da taya ta yi faci kusa da Hanwa, duk suka fito, suka ce, "Ayya, Allah ya kiyaye gaba," suka tari bas suka bar ni a tsaye da jak a hannu.

Na yi wa Mama ƙorafi. Ta dube ni kamar na yi saɓo.

"Ke 'yata, kujera huɗu ba kowa, ki wuce mutane a titi? Da wane ido zan kalle su ran Lahadi?"

"Mama, don in huta na saye ta."

"Hutu yana kabari. Mutane su ne arziki."

Ranar da abin ya fashe, ranar da za a yi mana tambayoyin ƙarin girma ce a wurin aiki. Na ɗinka farin leshi musamman. Tun jajibiri na roƙi Mama ta ce wa kowa gobe babu wuri, ta ce to. Da safe na fito na tarar da Baba ya riga ya zauna a baya, malamin yana gefensa, mai manja kuma tana gaba, ta rungume jarka a cinya. Murfin jarkar ya ɓata, sai ta toshe bakin da leda ta ɗaure da roba.

"Mama, ba mun yi magana ba?"

"Su uku ne kawai. Baba ne fa. Haba."

Na ce a sa jarkar a but. Mai manja ta ce a'a, a can za ta faɗi, gara a hannunta. Lokaci yana tafiya, na haɗiye maganata na tayar da mota.

Muna isa Kwangila, inda manyan motoci da bas da 'yan acaɓa ke cakuɗewa kowa yana ji da kansa, wani ɗan acaɓa ya yanko gabana da buhu a bayansa. Na taka birki da ƙarfi. Jarkar ta kufce, ledar ta yi tsalle, manja ya kwararo a kan giya, a kan kujera, a kan cinyata. Ɗumi ne na fara ji, sannan na duba na ga farin leshina ya koma ja tun daga ƙugu har gwiwa. Warin ya cika motar, mai kauri, irin wanda ke manne wa mutum a harshe.

Mai manja ta ɗora hannu a ka. "Chineke! Manja na! Duka ya zube!"

Manjanta take wa kuka. Ban gama jin wannan ba sai Baba ya gyara murya daga baya, ya tofar da goronsa a jikin gilashina, ya ce, "Ai shi ya sa. Tuƙi na mata sai a hankali."

Na gangara gefen titi, na kashe mota, na fito na buɗe ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Na ce su fita. Malamin ya fara cewa, "Anti, yi haƙuri mana," yana laluben takalminsa. Na ce su fita, dukansu. Mutane suka fara taruwa. A gaban 'yan acaɓa da masu sayar da rake na dubi tsofai-tsofai da su na ce, "Dama an ce kowa ya hau motar kwaɗayi, a tashar wulaƙanci zai sauka. To ga tashar, an iso." Baba ya fito a hankali, ya gyara hularsa. Na ja motata na bar su a nan.

Da aron zanin wata abokiyar aikina na shiga gaban masu tambayoyin, ina warin miya. Ƙarin girman ma an ba ni daga baya, ba wannan ne damuwar ba. Kafin in dawo gida da yamma labari ya riga ni, har da karin maganar, ba a rage ko kalma ɗaya ba.

Washegari na leƙa ƙofar gida, wayam. Wallahi daɗi na ji. Na kai motar aka wanke ta da omo da ruwan zafi, na sayi sabuwar rigar kujera, na koma tafiyata ni kaɗai da rediyona. Mama ta ce in je in ba Baba haƙuri. Na ce wanda aka ɓata wa kaya, aka kuma zage shi a cikin motarsa, shi ne zai ba da haƙuri? Har yau da nake rubuta wannan ban ga dalilin da zai sa mutum ya sayi mota da guminsa ta zama ta unguwa ba. Mama ce ta ɗaura ɗankwali ta bi gida-gida tana ba da haƙurin. Aka karɓa mata da baki. Amma ta ci gaba da fito da kujerarta da safe, mutane suna wucewa ta ɗaya gefen layin, suna ɗaga mata hannu daga nesa. A coci aka daina ajiye mata wuri a bencin matan zumunta. Wata safiya na fito ban ga kujerar a waje ba, tana cikin ɗaki an ɗora mata bokiti.

Bayan 'yan makonni ranar ganin likitanta ta zo, na hawan jini, a can Samaru. Hanyarmu ɗaya. Na goge kujerar gaba, na buɗe mata ƙofa ina jira. Ta fito da ɗankwalinta ruwan ɗorawa da jakarta a hammata, ta wuce motar kamar ba ta gan ta ba.

"Mama, ina za ki? Ga mota."

"Je ki, 'yata, kar ki makara."

"Ai wuri ɗaya za mu. Ki shigo mana."

Ta tsaya, ba ta juyo ba. "Ni ma ba da kuɗina aka saya ba. Ban san a wace tasha za a sauke ni ba."

Na bi ta a hankali da motar har bakin titi, ina magana ta taga, tana ta ɗingisa ƙafarta. Bas ta tsaya, cike maƙil. Kwandasta ya buga jikinta ya ce a gyara. Sai na hango mai manja a kujerar baya, ta matsa, ta miƙo hannu ta karɓi jakar Mama, ta jawo ta ciki.

Bayan bas ɗin nan na bi har Samaru. Ban iya wuce ta ba. Tana tafe tana tsayawa, tana feso mini baƙin hayaƙi, ni kuma ina kallon ɗankwalin uwata a manne da gilashin baya, kan wani mutum yana jingine a kafaɗarta. Hayaƙin ya ishe ni na ɗaga gilasaina duka. Rana ta fara zafi, sai warin manjan nan ya taso daga ƙarƙashin sabuwar rigar kujera, ya cika motar, ba kuma wanda zan harara.