Garin da Yaya Idris Ya Hana a Faɗa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Idris makwancinsa a bayan garin Alƙahira. Da na so in rubuta abin da aka saba rubutawa: tela ne mai amana, ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, Allah Ya jiƙansa. Duk gaskiya ne. Amma wata waya da ɗansa ya yi mini watan jiya ta hana ni sakat har yanzu.

Mu Hausawan Sudan ne. Kakanninmu sun taso da ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a Gadarif, suka tsaya noman dawa don su tara na gaba, ba su sake tashi ba. Baba yana goye aka fito da shi, wato a Najeriya aka haife shi. Kowa a gidanmu ya san haka, kowa kuma ya san ba a faɗa. A lokacin, duk wanda aka ce ubansa baƙo ne, takardar zama ɗan ƙasa takan yi masa wuya, kuma in babu ita babu makaranta, babu aiki, babu fasfo. Saboda haka in an tambaye mu, a Gadarif aka haifi Baba. Yaya Idris ne babba, shi ya zama mai gadin wannan magana, kuma ban taɓa ganin mai gadi irinsa ba.

Ko da zama ya gagara muka zo Masar, ya buɗe ɗan shagonsa a unguwar Ainu Shams ta Alƙahira, bai sassauta ba. Matarsa za ta tuƙa tuwo miyar kuka, ƙamshin daddawa ya cika bene tun daga ƙasa har sama, amma in maƙwabci ya leƙo sai Yaya ya ce asida ce irin ta Sudan. Ni kuwa da Hausar nake cin abinci, ina yi wa 'yan kasuwar Kano tafinta a kasuwar Ataba, abin da bai taɓa yi masa daɗi ba. Wata rana na kai masa wani Alhaji ɗinki. Alhaji ya ƙare masa kallo ya ce, “Malam, kai dai Bahaushe ne.” Yaya bai ko ɗaga kai daga keke ba, ya amsa da Larabci cewa shi Basudane ne, ubansa ma haka. Alhaji ya ce to yaya aka yi ya ji tambayar? Na yi dariya har da hawaye. Yaya ya yi mako bai yi mini magana ba.

Abin da na fi tunawa kwanakin nan shi ne zamanmu a gidan shayi muna kallon ƙwallo. In aka nuno ɗan wasan da aka haifa a wata ƙasa yana sanye da rigar wata, Yaya yakan tsuke fuska ya ce wannan ya sayar da uwarsa. A wurinsa ƙasa guda ɗaya ce, ana samun ta da wahala, in ta kuɓuce an shiga uku. Ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarsa ba: to mu fa, Yaya?

Ciwon ƙoda ne ya ɗauke shi, yana jiran amsar neman mafaka. A asibiti ya kama hannuna ya ce, “Yaran nan 'yan Sudan ne, khalas, shi ke nan. Kar ka ruɗa su.” Na ce to. Amsar da ya yi shekaru yana jira ta iso bayan sadakar arba'in, matarsa da yara uku suka tafi Ostireliya. Tijjani, babban cikinsu, yana da shekara goma, siriri kamar kara, kullum majina a hanci.

Wannan Tijjanin ne ya kira ni a bidiyo ina tsakiyar Ataba, ina riƙe da kofin shayi. Kaurin wuyansa ya kai cinyata. Na daɗe da sanin yana buga zari-ruga, nau'in da ake kira lig, mutum goma sha uku kowane ɓangare, ƙarti suna gwara kai saboda ƙwallon da ko zagaye ba ta yi ba. Muka gaisa da guntuwar Hausarsa, sai ya ce, “Baffa, a ina aka haifi Kaka? Umma ta ce kai za a tambaya.”

Shayin ya zube mini a ƙafa ban ji zafinsa ba. Na waiga dama da hagu kamar wanda ya yi sata, ni da furfurata. Ban taɓa jin ɗan gidanmu ya yi wannan tambaya da ƙarfi ba, balle a kasuwa.

Ashe wani abokin wasansa, ɗan asalin Najeriya, ya ji shi yana gaida uwarsa a waya, ya kai labari wurin masu haɗa 'yan wasan Najeriya. Su kuma suka neme shi. Yadda ya bayyana mini dokar wasan nasu, mutum yana iya bugawa ƙasar da aka haife shi, ko wadda aka haifi uwarsa ko ubansa, ko ɗaya daga cikin kakanninsa, ko wadda ya daɗe da zama a cikinta. Ya lissafa mini da yatsu yana murmushi: Masar, domin a Ainu Shams aka haife shi, Sudan, saboda ubansa, Ostireliya, saboda zama, Najeriya kuma, in har Kaka can aka haife shi. Ƙasa huɗu! Ubansa ya mutu yana riƙe da ɗaya da hannu biyu.

Ban gama farfaɗowa ba ya ƙara mini wata. Na ce, “To in ka sa rigar Najeriya, shi ke nan ka zama nasu har abada?” Ya ce, “La', a'a ya Baffa, in Ostireliya ta kira ni daga baya, akwai hanyar sauyawa. Da sharaɗi, amma ana yi. Da yawa sun yi.” Ya faɗa kamar mai cewa zai sauka daga wannan mota ya hau waccan. Wallahi raina ya ɓaci. Na ji maganar Yaya ta gidan shayi ta taso mini har wuya, saura kaɗan in jefa wa yaron ita. Na ce masa ma'alish, ya yi haƙuri, zan kira shi, na kashe wayar.

Tun ranar nake tambayar kaina, da Yaya yana nan me zai ce? Na san zai fara da faɗa. Zai ce wace irin duniya ce wannan, abin da muka binne don mu tsira shi ne yau ake neman mu tono don a yi mana tafi? Zai ce mutanen da ba su san sunan Baba ba, ba su san inda ƙafafun kakarmu suka tsage ba, yanzu sun tuna mu 'yan'uwansu ne saboda yaro yana da faɗin kafaɗa. Kuma da gaskiyarsa. Ba wanda ya zo nemanmu lokacin da muke sirara.

Sai dai na san wani abu game da yayana da shi kansa bai yarda da shi ba. In ya zaci ba kowa a shago, waƙoƙin daka na kakarmu yake yi a hankali, ƙafarsa tana bin kiɗan keke. Ba ƙin asalinsa yake ba, tsoro yake ji, kuma tsoron ba na banza ba ne. Ni ma ina jin sa. Da fasfon Sudan nake sabunta izinin zamana a nan, ƙasar kuma kowa ya ga halin da yaƙi ya jefa ta. Ba wanda ya ce mini wani abu zai same ni in na yi magana. Amma wanda aka raina da “kar ka faɗa”, ba ya jiran a yi masa barazana.

Tijjani ba shi da wannan ciwo, kuma abin da ya fi girgiza ni ke nan. Ya yi tambayar da fuska a sake. Da farko na ɗauka rashin kunya ce irin ta yaran Turai. Da na yi kwanaki ina juya abin, sai na ga ai wannan sakin fuskar ita Yaya ya yi wa wahala. Don ita ya ƙare idonsa a kan allura, don ita ya yi layi a rana shekara da shekaru, don ita ya kira tuwo asida. So yake ɗansa ya tsaya ko'ina ba tare da ƙirjinsa ya buga ba. Ya samu, sai dai bai zaci abu na farko da yaron zai yi da wannan 'yanci shi ne ya juya ya tambayi hanyar gida ba.

Har yanzu ban yarda da dokar nan tasu ba. Ƙasar da ake iya cirewa a rataye a sa wata ba ta kwanta mini ba, kuma na gaya wa Tijjani haka da na sake kiransa. Na ce in zai sa rigar, ya sa ta don tsohuwar da ta goya kakansa, ba don ya rage zaman jiran kiran Ostireliya ba. Ya ce, “Tamam, na ji, Baffa.” Ko zai riƙe, Allah ne masani. Masu haɗa 'yan wasan ma sun ce sai an kawo hujja, kuma ban san ko maganar dattawan da suka rage za ta ishe su ba.

Yaya bai bar gida ba, bai bar gona ba, keken ma an sayar. Abin da ya bari shi ne yara uku da ba sa rage murya in an tambaye su su wane ne. Na yi alkawari ba zan ruɗa su ba, kuma na auna na ga shirun ne yanzu zai ruɗa su. Na riga na gaya wa Tijjani, amma a waya ne, cikin ɗaki, ƙofa a rufe, kamar yadda aka koya mini. Wannan bai isa ba. Saboda haka ga shi a jarida: mahaifinmu, Malam Adamu, a Birniwa aka haife shi, a ƙasar Haɗeja. Yaya, ka yafe mini, na faɗa.