Bizar da Ban Karɓo Ba

Ana kiran assalatu muka fito daga gida, ni da wana, Yaya Sadisu. Abuja muka nufa, domin washegari zan yi ganawar neman bizar Indiya, inda wani ejan a Kaduna ya samo mini gurbin karatun haɗa magunguna a wata jami'a mai zaman kanta. Baba ya rako mu har bakin zaure yana ta addu'a. Shi maɗinkin babbar riga ne, kuma babu wanda ya zo karɓar ɗinki a watan nan bai ji cewa Hauwa'u za ta tafi waje karatu ba.

Zariya zuwa Rigasa

Keke napep ya ajiye mu Ƙofar Doka, muka shiga ƙaramar mota mai zuwa Kaduna. Saura mutum ɗaya ta cika, amma ya ƙi samuwa. In zauna, in fito, in leƙa titi.

Na ce, "Direba, jirgi fa za mu kama."

Ashe Yaya ya riga ya ba shi labarina. Direban ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ke da za ki hau na sama, na ƙasa ne zai ɗaga miki hankali?"

Da ƙyar muka tashi. A wajen Jaji jami'an tsaro suka tsayar da mu, aka buɗe but ɗin motar aka rufe. Ƙosan da Mama ta ƙulla mini ya huce a cinyata ban taɓa ba. Muka isa tashar Rigasa ana ta kiran fasinja, muka shiga da gudu.

Cikin jirgi

Wadda ke kusa da ni ta girme ni kaɗan, sunanta Bilkisu, 'yar Tudun Wada. Ta ga yadda na rungume jakar takarduna ta ce, "Biza ko?" Ita ma a Indiya ta yi karatu. Nan take ta shiga ba ni shawara: kada in bar fasfona a hannun kowa, in nemi ƙungiyar ɗalibanmu tun ranar da na sauka, in tafi da kuka da daddawa don abincinsu sai a hankali. Har na fara sakin jiki. Sai ta tambaye ni sunan makarantar.

Da na faɗa, ta juyo ta dube ni.

"Nan na yi," in ji ta. "Kwas ɗinki na yi."

"To alhamdu lillahi!"

"Ƙanwata, saurara. Karatu kam mun yi shi. Amma da na dawo, hukumar da ke ba da lasisi ta ce ba ta amince da kwas ɗin makarantar ba. Yau shekara biyu ina zirga-zirgar Abuja. Yanzu haka a kantin maganin wani nake aiki, ina miƙa abin da aka nuna mini."

Ban san lokacin da muka wuce sauran tashoshin ba.

Abuja

A Kubwa muka sauka, muka ajiye kaya gidan Gwaggo, ƙanwar Baba. Ko ruwa ban sha ba na ce sai mun bi Bilkisu ofishin hukumar. Yaya ya bi mu yana mita. Ma'aikaciyar da muka samu ba ta ja zance ba. Ta ce har yanzu ba a tantance makarantar ba, wanda ya tafi, shi ya jiyo.

Na kira ejan. Ya ce, "Haba Hauwa'u, kafin ki gama an gyara komai." Na ce ya turo mini shaida. Bai sake ɗaukar wayata ba.

Gwaggo ta yi mana tuwon shinkafa da miyar taushe, na yi loma biyu na ture. Yaya ya ce, "Ki karɓi bizar tukuna, sauran magana ma yi ta a gida. Da wane ido za mu kalli Baba?"

Da safe muka je ofishin bizar. Na shiga layi cikin samari da 'yan mata, kowa da jakarsa a ƙirji. Na san halina: in bizar nan ta shiga fasfona, kunya ba za ta bar ni in fasa ba. Saura mutum uku a gabana na fice.

"Yaya, mu tafi gida."

Ya dube ni, ya karɓi jakar ya wuce gaba.

Komawa

Mota muka hau. Daga Zuba har Kaduna ina ta shirya maganar da zan yi wa Baba ina rusawa. Bayan la'asar muka shigo birnin Zariya. Maƙwabta sun cika tsakar gida, wata har ta fara guɗa.

Na wuce zaure na durƙusa gaban Baba, na kwashe komai na faɗa masa. Ya soke allurarsa a jikin rigar da yake aiki, ya ɗago ya dube ni.

"Wa ya sa ki fita daga layin?"

"Ba kowa, Baba."

"Ita yarinyar, kin karɓi lambarta?"

Na ce na karɓa.

"Kira mini ita in yi mata godiya. Mutanen cikin gida kuma bar ni da su, ni na tara su."

Bana ina aji biyu a jami'a a nan Zariya, kuma ban cire rai da fita ba. Duk mai shirin tafiya, ya fara tambayar hukumar da zai dawo ya tarar, kafin ya tambayi ejan. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Bilkisu kuwa har yanzu tana jira. Ku sa ta a addu'a.