Littafin da Sahun Gaba Bai Kwafa Ba

A shagonsa na kwafin takardu da ke daura da kotu akwai wani hoto a bango da ya haura shekara talatin. Babban manajan wani kamfanin sabulu ne a tsakiya, riƙe da almakashi, zai buɗe sabon reshe. Can a gefe kuma akwai kafaɗa ɗaya da kunne ɗaya da rabin murmushi. Waɗannan na mai shagon ne, wanda tun a makaranta ake kira Sahun Gaba, don ba a taɓa ɗaukar hoto yana baya ba.

Allah ya ba shi baki, wannan kam ko maƙiyinsa ya yarda. Da ya gama karatu aka tura shi sanin makamar aiki na wata shida a sashen hulɗa da jama'a na kamfanin. Su biyu aka ɗauka, shi da wata yarinya mai gilashi wadda sai ka matso kafin ka ji gaisuwarta. Tun ranar farko aka gaya musu kujera ɗaya ce za a cike in wata shidan ya cika. Ya dubi yarinyar, ya dubi sabon takalminsa, ya ji har ya fara tausayinta.

Shugabar sashen wata dattijuwa ce da kowa ke ce wa Mama, har manajan. Ofis ɗinta ɗan ƙarami ne, fanka na ƙara, jaridu jibge har bakin taga. Tana da wani baƙin littafi da aka ɗaure da roba don kada ya watse. A mako na uku ta kira shi, ta ɗora littafin a gabansa tare da sabo fil.

"Ɗana, wannan ya tsufa kamar ni. Ka kwafe min shi da hannunka. Kowace lamba ka kira ka tabbatar tana aiki, ka ce Mama na gaisuwa."

Ya buɗe. Sunayen 'yan jarida ne da masu gidajen rediyo, sun fi ɗari biyu, kowanne da ɗan rubutu a gefe. Wannan kada a kira shi kafin ƙarfe goma. Wannan matarsa ba lafiya, a fara tambayar jikinta. Wannan ba ta son daɗin baki, a gaya mata gaskiya ko da ba daɗi. Ya ce to, ya fito yana tsaki a ciki. Shi da ya zo tsara jawabin manya, shi za a mayar magatakarda?

Kwana tara littafin ya yi a aljihun teburinsa. Ana nan sai bikin buɗe reshe ya taso, kuma mai gilashi aka rubuta za ta bi motar manaja. Ya same ta a kusa da injin kwafi, ya kwantar da murya.

"Ƙanwata, ke fa ba kya son hayaniya. Ki bar min fitar nan, ga aiki mai sanyi a ƙarƙashin fanka."

Ta gyara gilashi ta ce, "Mama ta sani?"

"Ita dai a kwafe take so, ina ruwanta da hannun wa?"

Haka aka yi musayar. Ya tafi ya sha rana, ya kutsa tsakanin manya har ya samu kunnensa ya shiga hoto. Ita kuwa ta zauna da waya, kullum lamba goma. Yana jin ta tana cewa, "Ina wuni, ranka ya daɗe, Mama na gaisuwa. Ya mai jiki?" Har kwaikwayon muryarta yake yi wa direbobi suna dariya. Mama ta ga rubutun da ke cikin sabon littafin, ta dubi Sahun Gaba ta saman tabarau, ta ci gaba da aikinta. Shi a wautarsa ya ɗauka ya sha.

A wata na biyar wani kaya ya fita da matsala, mata suka fara kuka da cewa sabulun yana sa ƙaiƙayi. Ranar Mama na asibiti. Manaja ya shigo a fusace ya ce a nemo 'yan jarida kafin azahar, kamfani zai ba da haƙuri ya janye kayan. Sahun Gaba ya fizgi waya. Ɗan jaridar farko da ya kira ya ce, "Wa ke magana?" ya kashe. Na biyu ya ce a aiko a rubuce. Na uku ma bai ɗauka ba. Zufa ta jiƙa masa kwala. Yarinyar ta karɓi wayar a hankali, ta yi sallama kawai, sai ya ji daga can an ce, "A'a, 'yar Mama! Me ya faru?" Kafin azahar ɗakin taro ya cika.

Ba sai an faɗi wanda ya samu kujerar ba. Ranar da zai tafi ya shiga sallama, yana jiran faɗa, ya ma fi son faɗan. Mama ta sa hannu a takardarsa, ta miƙa masa.

"Ba ni da abin da zan bar wa kowa a aikin nan sai mutanen da ke cikin littafin can," in ji ta. "Shekara talatin ina tara su. Kai na fara ba wa, ɗana."

Ya nemi aiki a wurare da dama bayan haka, bakinsa na kai shi har ƙofa, amma ba wanda zai ɗaga waya ya ce ya san shi. Daga baya ya buɗe shagon, ya yi aure, ya rufa wa kansa asiri. Ba ya kuka da rayuwa. Sai dai duk sanda ya ji muryar mai gilashi a rediyo tana magana da yawun kamfani, yakan rage sauti, kuma abin na ci masa rai har yau. Wanda ya ƙi kwafin littafi ɗaya, ga shi kwafi ne abincinsa.

Kwanan baya autarsa, wadda ita ma ta fara nata sanin makamar aikin a wani ofis, ta shigo shagon da yamma ta jefar da jaka.

"Baba, wai ni aka ba lambobi ɗari da hamsin in bi ina kira ina gaisuwa! Gobe zan roƙi wata ta karɓa."

Ya kashe injin, abin da ba ya yi ko da layi ya kai titi. Ya jawo mata kujerarsa, ya ajiye wayarsa a gabanta.

"Zauna, Auta. Ni zan karanto, ke ki kira."

"Yanzu? Baba, ai ba wanda ya san ni a cikinsu."

Ya ɗaga kai ya dubi kunnen nan da ke bango, sannan ya sa yatsa a kan layin farko na takardar lambobin da ta ciro daga jaka.

"Ni ma haka," ya ce. "Sifili, takwas."