Tasoshin Inna da Ruwan Tsamiya

Akwai abubuwa da yawa da suka shige mini duhu yanzu, har wani lokaci in shiga ɗaki in tsaya ina tambayar kaina me na zo ɗauka. Amma abin da ya faru a makon bikin ɗiyata ta fari, wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba zan manta ba.

Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, tana da tasoshin tagulla guda shida, daga babba har ƙarama, kowace tana shiga cikin 'yar'uwarta. Da su aka kai ta ɗakin babanmu a Rawayya. Da na haifi ɗiyata aka sa mata sunan Inna, shi ya sa har yau ban taɓa kiran sunan yarinyar ba, Ummi nake ce mata. Ranar suna Inna ta ɗauke ta ta ce, a gaban kowa, "Tasoshina na takwarata ne. Ranar da za a yi mata jere a sa mata su." Bayan rasuwarta sai aka bar su can gidan babban wanmu, don a lokacin ɗaki ɗaya muke haya a Gusau, ko tabarma sai an naɗe kafin a buɗe ƙofa.

Shekaru suka tafi, Ummi ta girma, aka sa ranar aurenta da wani yaron kirki ɗan Tsafe. Biki na matsowa na hau mota na tafi Rawayya ɗauko amanar Inna. Yaya ya buɗe mini ɗakin ajiya, ya ɗaga wasu buhuna, sai ga tasoshin a ƙarƙashinsu. Ashe shekara da shekaru a kan tasoshin yake jibge takin zamani, ga rufin yana yoyo da damina. Takin ya narke ya tsiyaye a kansu. Sun yi kore shar, wani wurin baƙi ƙirin, sun manne da juna kamar an yi musu walda.

"Yaya, mi ka yi haka?" na ce.

Ya sosa ƙeya. "To ni na san ƙarfe na tsoron taki? Bari kuka. Na riga na yi magana da ɗan gwangwan mai sayen tsofaffin ƙarafa, ran kasuwa zai zo da sikeli. Abin da ya bayar in ƙara in saya wa Ummi kuloli na zamani, in ji kawunta."

Ba mugunta ba ce, Yaya mutum ne mai son zumunci. Shi dai a idonsa abin ya riga ya mutu. Na roƙe shi, na tuna masa maganar Inna. Sai ya ce, "Ɗauka ki tafi da su. In amarya ta gani ta ce tana so, nata ne. In ta ƙi, kada ki matsa wa yarinya, ki maido mini." Na ce na yarda, don gaskiya ya faɗa.

Da na sauke buhun tasoshin a tsakar gidanmu Ummi ta leƙa, ta ja da baya tana toshe hanci. Yarinya ce mai kunya, ba ta iya yi mini musu, sai ta ce a hankali, "Mama, don Allah. Dangin miji za su shiga ɗakin nan, ƙawayena za su ɗauki hoto." Ban ga laifinta ba. Ni kaina da a ce ban san su tun suna da kyansu ba, da ko kaji ba zan ba ruwa a ciki ba.

Na zage na hau wanki. Na yi da garin sabulu, na yi da sabulun salo, na jiƙa su a ruwan zafi har yatsuna suka yi yaushi. Datti ya fita, amma koren nan ko gezau. Na sa soson waya a gefen babbar, sai ga shi yana karce ta, na yi maza na bari. Abin da na samu kawai shi ne raba su: na ɗiga man gyaɗa a bakin kowace, na tsoma gindin ta waje a ruwan zafi, ina murɗawa a hankali har suka saki juna. Sai na samu tasoshi shida masu muni maimakon dunƙule ɗaya mai muni. Na jere su a gindin bango na koma hidimar biki, zuciyata ba daɗi.

To a cikin masu taya ni aiki akwai ƙanwar maigidana, abokiyar wasata, mace mai baki kamar reza. Ita aka ba damun kunun tsamiya na 'yan biki da suka fara sauka. Ta jiƙa tsamiya, ta tace, ta rasa inda za ta zuba ƙwallaye da ɓawon da suka rage, don duk robobin gidan suna cikin aiki. Sai ta jawo ƙaramar tasar da ƙafa ta juye a ciki, tana cewa da ƙarfi don in ji, "Matar Yaya, ga shi na samo wa gadonki aiki. Wagga ai kwandon shara ta dace da shi."

Mata suka kwashe da dariya. Na ce, "Allah Ya shirye ki, mai bakin tsiya." Na yi dariyar nima, amma ta ciki na ciki.

Sai da aka yi la'asar na ɗauki tasar zan zubar a bola. Na kife ta, na sa yatsa in kwalfe abin da ya manne, sai wani abu ya haske mini ido. Na ɗauka rana ce. Na sake gogawa. Wallahi duk inda tsamiyar nan ta kwanta koren ya saki, ga tagulla tana kallona, ja-ja, rawaya-rawaya, kamar ranar da aka ƙera ta.

Nan take na tuna. Duk jajibirin salla Inna takan zauna a bayan ɗaki da ƙwaryar tsamiya da ɗan gishiri, tasoshin na gabanta. Ni ina yarinya, kullum zatona kunu za ta dama, sai in tsaya ina jira har in gaji in tafi wasa. Ashe ba kunu ba ne.

Na dawo tsakar gida da gudu, zanena na neman kwancewa, ina ɗaga tasar sama. "Ke mai bakin tsiya, zo ki ga sharar taki!"

Ta karɓa, ta juya ta, ta riƙe haɓa. "La'ilaha illallahu. To ai sai ki biya ni, ni na gano maganin."

"Zan biya ki da tsumma. Zauna."

Muka aika kasuwa aka ƙaro tsamiya. Muka jiƙa ta da ruwa kaɗan ta yi kauri kamar kunu, muka zuba gishiri, muka shafe kowace tasa ciki da waje muka bar ta ta ɗan jima. Sannan muka bi da tsumma muna murzawa. Wurin da ya yi taurin kai sai a sake shafawa a sake jira, don na lura haƙuri yake so, ba ƙarfi ba. Bayan nan na kwaso toka daga murhu, na tankaɗe ta a rariya don kada tsakuwa ta karce, muka goge da ita. Aka ɗauraye sosai, aka tsane nan da nan da busasshen zane, don in aka bar ruwa ya bushe a kai sai ya bar tabo. Ruwan da ya fito kore ne mai guba, ni da kaina na kai shi masai, na hana a zuba inda awaki ke sha.

Washegari aikin ya zama na kowa. Matan da suka yi mini dariya su ne ke ƙwace tsumma a hannun juna. Da baƙin babbar tasar ya tafi sai ga zane ya fito a gefenta, ganye-ganye da 'yan ɗigo-ɗigo da maƙeri ya buga da hannu, wanda ni kaina na manta da shi. Ba duka suka tsira ba. Ta biyun ƙarshe takin ya cinye gindinta, muna gogewa sai ga huji, har ana hango ƙasa. A wasu kuma ya bar 'yan ramuka kamar zanzana. Amma biyar suka tashi, muka kife su a kan tabarma suna walƙiya har sai ka kare ido.

Ban kira Ummi ba. Na yi wa Yaya alkawari ba zan matsa mata ba, don haka na ci gaba da tsintar shinkafa kamar ban san da su ba. Ta fito daga wurin ƙunshi, ƙafa a leda, hannu a sama, tana takawa a hankali. Ta zo daidai tabarmar ta tsaya. Ta daɗe a tsaye.

"Mama, waɗannan na waye?"

"Na ɗan gwangwan ne," na ce. "Ran kasuwa zai zo."

"Wane ɗan gwangwan? Wallahi ba inda za su! Ba ni Inna ta ba ba?"

Guɗar da ƙanwar maigidana ta rangaɗa sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ni kuwa na sunkuyar da kai cikin faifai, hawaye na ɗiga a kan shinkafar mutane.

Ranar ɗaurin aure Yaya ya shigo gaishe mu. Na miƙa masa babbar tasar. Ya riƙe ta da hannu biyu, ya shafa zanen da babban yatsa, ya ce, "A cikin wagga Inna ke ba baƙi fura." Ya yi gyaran murya ya ce, "To ba ni mai hujin in riƙa auna taki da ita." Na ce ko ita ba zai gani ba.

Da muka je jere Tsafe, Ummi ta aiko da saƙo cewa a sa su a saman durowar gilashi, sama da duk kwanukan zamani. Kakar ango ta shigo ganin ɗaki tana dogara sanda, ta wuce gado, ta wuce kujeru, ta tsaya a gabansu. Ta sa a sauko mata da ɗaya, ta ƙwanƙwasa da farce, ta kasa kunne har ƙarar ta mutu. Sai ta ce, "Yarinyar nan daga gida ta fito."

Abin da na koya shi ne, kada ka yanke wa abu hukunci alhali dattinsa kawai ka gani. Sau da yawa abin bai lalace ba, rufewa ya yi, kuma maganinsa na nan cikin madafa, a hannun wanda zai iya zama ya jira. Tun daga lokacin, ko tukunya ce ko mutum, ba na saurin cewa ya ƙare.